Sauri ko aminci: rigimar hatimin da Git ke bugawa

Duk wayar Android da ke aljihun mutum, a can cikinta akwai Linux, ginshiƙin manhajar da ke sa allo da batir da kyamara su yi aiki tare. Dubban mutane ne ke rubuta Linux daga ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba, kuma gyare-gyaren da suka shigar sun haura miliyan ɗaya. Abin da ke hana wannan taro rikicewa wata manhaja ce mai suna Git, wadda ke adana tarihin kowane gyara: wa ya yi shi, yaushe, me ya canza, a kan aikin wa ya ɗora nasa. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya assasa Linux, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan an janye wa masu rubuta Linux izinin amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da ke yi musu wannan aiki a da, sannan a watan Yuli ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Yau yawancin masu rubuta manhaja a duniya da Git suke aiki. A zuciyar Git kuwa akwai wani ɗan lissafi da ake maimaitawa ba adadi a kowace rana, kuma shekaru ana jayayya a kan saurinsa. Ra'ayina shi ne saurin yana da muhimmanci, amma bai cancanci ya zama alƙalin da zai zaɓi lissafin ba, kuma tarihin Git kansa ya isa hujja.

Lissafin nan masana na kiransa hash, mu kuma bari mu kira shi hatimi. Ana zuba masa kowane irin rubutu, layi ɗaya ne ko littafi guda, sai ya niƙa shi ya fitar da jerin lambobi da haruffa mai tsawo ƙayyadadde. Rubutu iri ɗaya kullum hatimi iri ɗaya yake bayarwa, a kowace kwamfuta. In aka canza ko da waƙafi ɗaya, hatimin ya sauya gaba ɗaya. Ba a iya kallon hatimi a gano rubutun da ya haife shi, kuma sharaɗi mafi girma shi ne kada wani ya iya ƙirƙiro rubutu biyu mabambanta masu hatimi ɗaya. Wanda Torvalds ya ɗauka sunansa SHA-1, ƙirar hukumar tsaron Amurka ta NSA, wanda hukumar ma'aunai ta NIST ta fitar a 1995. Tsawonsa bit 160, ana rubuta shi da alamomi 40. A Git, hatimin shi ne sunan abu. Fayil ba a neman sa da sunan da mai shi ya raɗa masa, da hatiminsa ake nemo shi. Fayil da babu komai a cikinsa, misali, hatiminsa na farawa da e69de29 a kowane rumbun Git (ma'ajiyar fayiloli da tarihinsu) na SHA-1 a duniya. Jakar da ke ɗauke da fayiloli tana lissafa hatiman abin da ke cikinta, ita ma a buga mata nata. Kowace ajiya ta gyara tana ambaton hatimin jakar da kuma hatimin ajiyar da ta gabace ta, kamar yadda ake jero salsala, wane ɗan wane jikan wane, sai dai a nan sunan jika ya dogara da sunan kaka. Wanda ya taɓa harafi ɗaya a aikin shekara goma da ta wuce, sunayen duk abin da ya biyo baya sun canza, kowa kuma zai gani.

Amfanin wannan ba zance ba ne kawai. A watan Nuwamban 2003, kafin a yi Git, wani ya saci hanya ya cusa layi biyu a wani kwafin lambobin Linux, layukan da za su iya ba ɓarawo cikakken iko a kan kwamfuta. An kama abin ne saboda kwafin bai dace da na asali ba. A 2011 kuma aka kutsa cikin kwamfutocin kernel.org, gidan da Linux ke zaune. Abin da ya kwantar wa jama'a hankali a lokacin shi ne dubban mutane na riƙe da kwafin tarihin, kuma ba yadda za a sauya tsohon gyara ba tare da hatimai sun tona asiri ba.

To, a 2005 SHA-1 zaɓi ne mai ma'ana ta fuskar sauri: bai da nauyi, ana samunsa ko'ina, manhajoji irin Git kamar Monotone da Mercurial ma da shi suka yi aiki. Amma a watan Fabrairun wannan shekarar, wata biyu kafin a fara rubuta Git, Wang Xiaoyun da abokan aikinta Yiqun Lisa Yin da Hongbo Yu suka sanar cewa sun gano rauni a cikinsa. Bisa ƙa'ida, samun rubutu biyu masu hatimi ɗaya ya kamata ya ci gwaji kimanin 2 a ninka da kanta sau 80. Su kuwa suka nuna hanyar da za ta rage shi zuwa sau 69, wato aikin ya yi sauƙi ninki dubu biyu. Duk da haka lissafi ne a takarda, ba wanda ke da injin da zai aikata shi. Torvalds ya tsaya a kan cewa a Git hatimin don tabbatar da cewa bayanai ba su lalace ba ne, tsaro kuwa daga wani wuri yake zuwa. Shekara 12 aka zauna a haka. Ranar 23 ga Fabrairun 2017, Marc Stevens na cibiyar CWI da ke Amstadam, tare da injiniyoyin Google, suka fito da fayiloli biyu na PDF, kowanne da abin da yake nunawa daban, hatiminsu na SHA-1 kuwa ɗaya. Sun kira harin SHAttered. Ya ci lissafin hatimi adadin da ake rubutawa da 9 da sifiri 18 a bayansa, kwatankwacin aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda na shekara 6,500 da na katin sarrafa hoto guda na shekara 110. Cikin 'yan kwanaki wani ya saka fayilolin biyu a rumbun WebKit don gwaji, rumbun da ke kan Subversion, wata manhajar adana tarihi daban da Git, sai rumbun ya cije ya daina karɓar aiki.

Git bai faɗi a ranar ba, domin kafin ya buga hatimi yakan liƙa wa abu wani ɗan kai mai faɗin irinsa da tsawonsa, wannan kuwa ya isa ya raba fayilolin biyu. Sai dai kowa ya san wanda ya sake harin da Git a ransa zai ci nasara. Maganin gaggawa da aka samu shi ne SHA-1DC, aikin Stevens da Dan Shumow na Microsoft: hatimin da yake bayarwa daidai yake da na da, amma yana cikin niƙa yana leƙen ko akwai alamun da irin wannan hari ke bari, in ya gani Git ya tsaya ya ƙi karɓa. GitHub, kamfanin da ke ajiye wa jama'a rumbunan Git, ya ɗora shi a watan Maris na 2017, Git 2.13 kuma ya mai da shi na kullum a watan Mayu. A nan ne maganar sauri ta taso da ƙarfi, don SHA-1DC ya fi na asali nauyi sosai. Masu kula da Git sun auna, sun ga jinkirin da idonsu, suka karɓa. Dalilin da ya sa karɓar ba ta zama bala'i ba shi ne abin da masu kwatanta sauri ke yawan tsallakewa: a ayyukan yau da kullum, Git ba kasafai yake buga hatimi ba. Idan mai rubuta manhaja ya tambayi abin da ya canza a aikinsa, Git ba ya sake niƙa duk fayilolin. Yana da kundin da ya rubuta girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, sai wanda waɗannan suka sauya ne kawai yake dubawa. Idan ya adana gyara, fayiloli biyu ko uku da aka taɓa su ne ke buƙatar sabon hatimi, abin da ke ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Ragowar lokacin yana tafiya ne wajen karanta faifai, matse bayanai da warware su, da jiran intanet. Matashin da ke sauke babban rumbu a Kano ko Maraɗi da datar waya, layin sadarwa ne ke cinye masa lokaci, ba hatimi ba.

Mai ja zai ce wannan gaskiya ne ga mutum ɗaya, amma ba ga kamfanin da ke yi wa miliyoyin mutane hidima ba, kuma yana da hujja. Inda hatimi ke cin lokaci da gaske shi ne wurin da ake kwashe rumbu duka: kwamfutar da ke aikawa sai ta niƙa ƙunshin bayanan da za ta aika gaba ɗaya, mai karɓa kuma sai ya sake lissafa hatimin kowane abu ɗaya bayan ɗaya. A 2017 Microsoft ya mayar da lambobin Windows kan Git, fayiloli kusan miliyan 3.5, nauyinsu kimanin gigabayit 300, injiniyoyi kusan 4,000 na aiki a kai. A irin wannan girma, daƙiƙa ɗaya da ake maimaitawa kuɗi ce da wutar lantarki. Sai dai a duba yadda aka warware matsalar, domin nan ne darasin yake. Ba a koma wa hatimi mai rauni ba. An zauna an tantance ayyukan da hatimin ke yi, aka ga iri biyu ne. Akwai inda yake zama sunan abu, inda maƙiyi zai so ya yi musanya, akwai kuma inda yake zama ɗan lissafi a ƙarshen fayil don a gane ko wani abu ya lalace a hanya ko a faifai. Na biyun ba ya buƙatar mai leƙen hari, tunda kowane abu da ke cikin ƙunshin za a sake tantance shi da hatimi mai tsaro. Git 2.40 na 2023 ya ba masu manyan rumbuna damar tsallake lissafin ƙarshen kundi. Git 2.48 na Janairun 2025, da aikin Taylor Blau, ya ba da damar amfani da SHA-1 mai sauri a waɗannan wurare kawai, GitHub kuma ya ce hidimarsa ta aika rumbuna ta ƙara sauri da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. An samu saurin ba tare da an taɓa sunan ko abu ɗaya ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe ke nan: jinkirin da aka ɗora wa tsaro alhakinsa, kaso mai tsoka nasa daga yin tsaron a inda ba a buƙatarsa ya fito.

Akwai ja na biyu, wanda ya fi na farko daɗin ji. Tunda dole a bar SHA-1, me ya hana a ɗauki wanda ya fi kowa gudu? BLAKE2 ya fito a 2012, kuma a kwamfutar da ba ta da taimako na musamman ya fi SHA-256 sauri nesa ba kusa ba. BLAKE3 da ya biyo baya a Janairun 2020 yana raba babban fayil gunduwa-gunduwa, ƙwaƙwale da yawa su yi aikin lokaci guda. Ba a san wani rauni a tsaronsu ba. Amma a 2018 masu Git suka zaɓi SHA-256, wanda NIST ta fitar tun farkon shekarun 2000, bayan sun auna shi da wasu, ciki har da wani nau'in BLAKE2 da KangarooTwelve. Takardar da suka rubuta kan sauyin ta jera sharuɗɗan: tsawon bit 256, samuwar ingantattun kwafi a ɗakunan lambobin da kowa ke da su irin su OpenSSL, dacewa da bukatun tsaron Git, sannan sauri a ƙarshe, a matsayin mai raba gardama in an yi kunnen doki. Ina ganin jerin ya yi daidai, saboda dalilai biyu. Na farko, saurin hatimi ba halinsa ba ne shi kaɗai, har da injin da yake gudu a kai. Intel ya sanar da umarnin SHA na musamman a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a 2013, AMD ya sa su a Ryzen a 2017, ƙwaƙwalen ARM da ke cikin wayoyi da sababbin kwamfutocin Apple ma suna da irin nasu. A kan irin waɗannan injina SHA-256 ya fi SHA-1DC gudu, domin SHA-1DC na Git ba ya amfani da wannan taimako. Wato wanda ya ƙi ƙaura don tsoron jinkiri, yana iya kasancewa a kan mafi jinkirin biyun yake zaune. Teburin gasar da aka buga bana, sabon injin baɗi na iya kifar da shi, alhali sunan da aka buga wa abu ana so ya rayu shekaru talatin. Na biyu, Git ba manhaja ɗaya ba ce. Akwai JGit da libgit2 da wasu da dama da aka rubuta da harsunan kwamfuta daban-daban, kuma dole dukkansu su fitar da hatimi iri ɗaya. SHA-256 yana cikin kusan kowane harshe tun asali, shi ne kuma masu bincike suka fi daɗewa suna ƙoƙarin fasawa, ga Bitcoin da ke jingine a kansa da dukiya mai yawa wadda za ta zama ladan duk wanda ya fasa. Fifikon BLAKE3 kuwa a manyan fayiloli ya fi bayyana, rumbun lambobi kuma cike yake da ƙananan fayiloli.

Wasu kuma daga ɗaya gefen suke ja: su ce duk hayaniyar ta yi yawa. Harin da aka nuna yana buƙatar maharin ya ƙera fayilolin biyu da kansa, ya shigar da mai kyau, daga baya ya musanya da mugun. Ba wanda ya iya ɗaukar fayil ɗin wani da ke nan tuni ya ƙera masa tagwai. Kuma a rubutun manhaja da mutane ke karantawa, tarkacen da harin ke buƙata zai fito fili. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a rufe rumbuna a 2017 ba. Amma rumbuna ba rubutu kaɗai suke ɗauka ba, akwai hotuna da PDF da manhajojin cikin na'urori waɗanda ba mai karanta su layi-layi. Sa hannun da ake yi wa sigar manhaja kafin a sake ta, a kan hatimi ake yin sa, don haka in hatimin ya yi ƙarya sa hannun ya bi shi. Farashin harin kuma sauka yake yi. A Janairun 2020 Gaëtan Leurent na Faransa da Thomas Peyrin na Singafo suka nuna hari mafi haɗari, wanda ke ba mahari damar zaɓar farkon fayilolin biyu yadda ya ga dama. Sun yi hayar katunan sarrafa hoto 900 na wata biyu, suka kashe kimanin dala 75,000, suka kuma ƙiyasta cewa da dala 45,000 ana iya maimaitawa. Wannan ba kuɗin da zai gagari gwamnati ko gungun ɓarayi ba ne. SHA-1DC kuwa irin hare-haren da aka sani yake ganewa. Ba alkawarin da ya ɗauka kan dabarar da ba a fito da ita ba tukuna.

Inda tsadar gaske take, ba a agogon gwaji ake ganinta ba, a ƙaura take. D. Richard Hipp, mai SQLite, ya ƙara SHA3-256 a manhajarsa ta Fossil, mai aiki irin na Git, cikin 'yan kwanaki bayan SHAttered, saboda jama'arsa kaɗan ce kuma ragamar na hannunsa. Git bai samu wannan sauƙin ba. An rubuta shi bisa zaton hatimi bayit 20 ne har abada, lambar kuma ta bazu a lungu da saƙon lambobinsa. Sai da masu aiki irin su brian m. carlson suka shafe shekaru suna bin wuraren ɗaya-ɗaya kafin Git 2.29 ya iya buɗe rumbun SHA-256 a Oktoban 2020, a matsayin gwaji, sannan Git 2.42 ya cire masa wannan lakabin a 2023. Ko da hakan, abin bai ƙare a cikin Git ba. Tsofaffin hatimai na nan a cikin bayanan gyara, a rahotannin kurakurai, a sanarwar tsaro, a adireshin intanet, da ƙananan manhajoji marasa adadi da ke tsammanin alamomi 40 ba 64 ba. Rumbun da ya koma SHA-256, duk sunayen tarihinsa sun canza. Sauri kan haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma abin da ya jawo nawar a nan ba zaɓen SHA-1 ba ne, rashin barin ƙofar canza shi ne.

Manyan manhajojin shiga intanet sun daina amincewa da takardun shaida masu SHA-1 tun farkon 2017. A Disamban 2022 NIST ta sanar cewa a daina amfani da shi kwata-kwata kafin 31 ga Disamban 2030, wa'adin da ya shafi hukumomin gwamnatin Amurka da kamfanonin da ke sayar musu da kaya. Masu kula da Git sun rubuta cewa a Git 3.0 sabon rumbu da SHA-256 zai fara. GitLab da Gitea da Forgejo sun buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan rumbuna. Aikin da ya fi wuya shi ne gadar da za ta bar rumbun SHA-256 ya yi musayar aiki da na SHA-1, ta hanyar riƙe teburin da ke haɗa tsohon suna da sabo ga kowane abu. Teburin nan zai ci wuri a faifai, kuma duk abin da ya tsallaka gadar sai an buga masa hatimi sau biyu. Wannan ma jinkiri ne, kuma ina ganin ya kamata kamfanonin da ke cin riba da Git su biya kuɗin injiniyoyin da za su kammala shi tun wa'adin 2030 bai matso ba.